Darasi na 9: Cinikin Gida da Kuɗin Zafin Bazara

Ga gida biyu a layi ɗaya. Girman filinsu ɗaya, yawan ɗakunansu ɗaya, dillali kuma ya sa musu kuɗi ɗaya. Na farko rufin kwano ne da ya yi ƙasa-ƙasa, ɗakuna biyu ba su da silin, tagar falo tana kallon yamma. Na biyu rufinsa ya ɗaga, akwai silin ko'ina, darbejiya kuma ta tare bangon yamma. Wanda ya je dubawa a watan Disamba, cikin hazo da sanyi, ba zai ga bambanci ba. Amma idan Afrilu ta shigo, mai gidan farko ba zai runtsa ba sai da esi da janareta, alhali na biyu fanka ta ishe shi. Ashe kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kome dillali zai ce.

A wannan darasi za mu koyi yadda ake shiga cinikin gida ba a cuci kowa ba, da yadda ake lissafa abin da zafi ke ci a aljihu, da kuma yadda ake kawo wannan lissafi wurin zaman ciniki. Mai saye da mai sayarwa duka suna da abin ɗauka a ciki.

Takarda kafin tayi

A Najeriya, idan mutum ya ce ya sayar da gida, abin da ya sayar shi ne ginin da haƙƙin zama a kan filin. Filin kansa yana hannun gwamnan jiha a matsayin amanar jama'a, tun da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa a watan Maris na 1978. Shi ya sa takardar shaidar mallaka, wadda ake ce wa C of O, take da wa'adi, galibi shekara 99. Sashe na 22 na dokar ya ce mai irin wannan haƙƙi ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka ƙulla saɓanin dokar bai ƙullu ba. A 1989 Kotun Ƙoli ta ƙara ɗaure wannan magana a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, inda ta yanke cewa ko wanda ya riƙe filinsa tun kafin a yi dokar, shi ma sai ya nemi amincewar.

Gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni ba su da C of O. Abin da ke hannun masu su takardun ciniki ne na baya, masu sa hannun shaidu da mai unguwa, wasu har da dagaci ko hakimi. Waɗannan takardu hujja ce, kada a raina su, amma banki ba ya cika karɓarsu jingina, don haka gidan da ke da su kaɗai yakan faɗi ƙasa da mai cikakkiyar takarda. Idan akwai C of O, mai saye ya kai lambarta ofishin rajistar filaye na jiha a duba masa: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Binciken zai nuna sunan wa ke kan takardar, da kuma ko an jinginar da ita. Kuɗin bincike kaɗan ne idan aka gwada shi da shekarun da rigimar gida ke ci a kotu.

Gidan gado ya fi kowane gida jawo rigima. Babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa don kawai shi ne babba, kuma 'yan'uwa mata da ke gidajen aurensu rabonsu na nan daram. Mai saye ya nemi ganin takardar rabon gado daga kotu, ko wakilci a rubuce daga kowane magaji. Akwai kuma hukuncin shufa'a: a mazhabar Malikiyya, idan gida na tarayya ne ba a raba ba, wani ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayya yana da haƙƙin karɓar kason a kan kuɗin da aka sayar. Wanda ya sayi rabon mutum ɗaya a cikin gidan da ba a raba ba, ya sani cewa ana iya mayar masa da kuɗinsa a karɓe.

Kuɗi uku da mai gida zai riƙe

Mai sayarwa ya shiga ciniki da lambobi uku a kansa: wanda zai faɗa, wanda yake fatan samu, da wanda ba zai sauka ƙasa da shi ba. Na ukun nasa ne shi kaɗai. Hanyar gano su ita ce tambayar nawa aka sayar da gidajen da ke kusa a cikin 'yan watannin nan. Nawa aka sayar, ba nawa aka sa musu ba, domin gidan da ya shekara da allon sayarwa a jikinsa ba ma'auni ba ne.

Dillali yana da amfani. Ya san masu kuɗi a hannu, ya san gidan da ke da rigima, kuma shi ke kai magana ya kawo ba tare da an ɓata da juna ba. Amma a fahimci inda ribarsa take. A ce la'adarsa kashi 5 cikin 100 ce, gida kuma na naira miliyan 20. Idan ya lallashi mai gida ya sauko zuwa miliyan 19, shi naira 50,000 ce ta ragu a la'adarsa, mai gida kuwa, in shi ke biyan la'adar, ya rasa 950,000. Dillali ya fi son ciniki ya faɗa yau a kan ya jira wata biyu don ƙarin da kusan duka na wani ne. Wannan ba mugunta ba ce, haka sana'ar take. Saboda haka a yanke la'ada tun farko, a faɗi wanda zai biya, kuma kada a gaya masa kuɗin ƙarshe, balle dalilin sayarwa. Da zarar an ji cewa kuɗin asibiti ne ko bikin 'ya ya matso, tayi zai sauka. A kuma dage mai gida da mai saye su haɗu ido da ido kafin a biya, domin ta haka ne kawai za a gane idan wani ya ɗora nasa a kan kuɗin.

Shari'a ta hana abubuwa biyu da suka yi yawa a wannan kasuwa. Ɗaya shi ne a kawo mai tayin ƙarya don ya ɗaga kuɗi alhali ba saye zai yi ba, abin da malaman fiƙihu ke kira najash. Ɗayan shi ne ɓoye aibi. Idan rufi na yoyo, ko bango ya tsage an shafe shi da fenti, ko ruwa na kwanciya a tsakar gida duk damina, mai sayarwa ya faɗa. In ya ɓoye, mai saye yana da haƙƙin tayar da maganar idan aibin ya bayyana, kuma abin da aka ci ta wannan hanya bai halatta ba.

Abin da zafi ke ci

Daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a Kano, Sakkwato da Maiduguri yakan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce. A da ana jure shi da inuwa da ruwan randa da kwanan tsakar gida. Yanzu kuɗi ake biya. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin tayar da janareta ya ninka. A watan Afrilu na 2024 kuma hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai kuɗin yunit ɗaya na wuta zuwa naira 225 ga masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, kafin daga baya a ɗan rage.

Yunit ɗaya shi ne wutar da na'ura mai ƙarfin wat 1,000 ke sha a awa ɗaya. Ƙarfin kowace na'ura yana rubuce a jikinta ko a kwalinta. Don a san abin da take ci, sai a ninka ƙarfinta da awowin da take aiki, a raba da 1,000, sannan a ninka da kuɗin yunit. Mu ɗauki naira 200 a kan yunit don sauƙin lissafi.

Fankar silin tana shan kamar wat 75. A daren awa 8 ta sha yunit 0.6, kuɗinsa naira 120. A wata naira 3,600 ke nan. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana shan kamar wat 1,100 idan injinsa na aiki. In ya kwana yana aiki awa 8, ya sha yunit 8.8, wato naira 1,760 a dare, naira 52,800 a wata. Esi ɗaya ya kusa fanka 15. Lallai injin esi yakan tsaya ya huta idan ɗaki ya yi sanyi, kuma a nan ne gini ke nuna kansa: a ɗakin da rufi ke zuba zafi, injin ba ya samun hutu ko kaɗan, a ɗaki mai silin da inuwa kuwa yana hutawa, mita ta rage gudu.

Akwai tsimin da ba ya buƙatar ko kwabo. Mutane da yawa suna sa esi a kan 16 ko 18 sannan su ja bargo. Hukumar tsimin makamashi ta Indiya ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da aka ƙara yana rage wuta da kusan kashi 6 cikin 100, kuma daga 2020 ƙasar ta sa ana fito da sababbin na'urori a saite a kan 24. Wanda ya ɗaga nasa daga 18 zuwa 25 ya haɗa da fanka, zai iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da yake biya, barcinsa bai ragu ba. Ragar da ke tace ƙura a cikin na'urar a cire ta a wanke duk bayan mako biyu, domin ƙurarmu ba ta da wasa. Injin waje a yi masa inuwa amma kada a toshe masa iska. A cushe ƙasan ƙofa, a kuma tuna cewa taga mai filafilan gilashi ba ta riƙe sanyi. Fanka kuwa jikin mutum take sanyayawa, ba ɗaki ba, don haka barinta tana juyawa a ɗakin da babu kowa asara ce zalla. Idan zafin cikin ɗaki ya kai digiri 40, iskar fanka kaɗai ba ta taimako, musamman ga tsofaffi, sai an jiƙa jiki ko riga. Janareta kuma, kome tsoron ɓarayi, a waje yake kwana, nesa da taga. Hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci.

Daga rufi ake farawa

Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka a ƙarshen Afrilu rana takan bi ta tsakiyar kai da tsakar rana. Rufi ne ke ɗaukar mafi yawan dukan. Bayansa sai bangon yamma, wanda rana ke gasawa daga azahar zuwa faɗuwarta, shi kuma ya yi ta sako zafin cikin ɗaki har tsakar dare. Wanda ya taɓa ɗora tafin hannu a bangon ɗakin yamma bayan sallar isha ya san wannan.

Maginan dā sun san haka sarai. Dubi Gidan Makama a Kano, ko tsohon birnin Agadas da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013: bango mai kauri na ƙasa, ƙananan tagogi, soro mai tsayi. Bangon ƙasa mai kauri yana jinkirta shigar zafi har rana ta faɗi. Mu kuma muka koma bulo mai inci shida da kwano da manyan tagogin gilashi, sannan muna mamakin kuɗin wuta. Ba ana cewa kowa ya koma tubali da azara ba ne, suna da nasu wahalar yaɓe duk shekara. Amma ana iya haɗa kwano da dabara. Francis Kéré, masanin zanen gine-gine ɗan Burkina Faso wanda ya ci kyautar Pritzker a 2022, ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwanon can sama da silin ya bar fili a tsakani. Iska tana ratsawa ta kwashe zafin kwanon kafin ya sauko kan yara.

A gidan da aka riga aka gina, abin yi na farko shi ne silin, sannan a buɗe ƙofofin iska masu raga a bangon da ke tsakanin silin da kwano, gefe da gefe, don zafin da ya taru ya sami hanyar fita. Kafintoci da yawa suna toshe wannan wuri gaba ɗaya saboda jemagu da ƙura, sai silin ɗin kansa ya zama abin da ke gasa ɗakin. Raga ta isa ta tare jemage. Na biyu shi ne launin rufi. Farin rufi yana mayar da hasken rana, baƙi ko ja mai duhu yana sha. Birnin Ahmedabad na Indiya, wanda ya fito da tsarin yaƙi da zafi a 2013, daga baya ya shiga shafa farin fenti a rufin gidajen talakawa saboda wannan dalili. A rufin kankare farar ƙasa ma ta wadatar, kwano kuwa yana son fentin da zai kama ƙarfe. Ƙurar hunturu tana dishe farin, don haka a wanke ko a sake shafawa a ƙarshen Fabrairu, da sanyin safiya.

Inuwa daga waje ta fi labule daga ciki, domin idan rana ta riga ta ratsa gilashi zafin ya shiga. Rumfa, zana ko asabari a wajen tagar yamma sun fi labule mai tsada aiki. Darbejiya tana girma da sauri, tana kuma riƙe ganye a bazara, sai dai a dasa ta da 'yar tazara daga bango da ramin masai saboda saiwa. Da rana a rufe tagogi, da dare idan waje ya fi ciki sanyi a buɗe, da ragar sauro.

Busasshen zafin Maris da Afrilu yana da wani sauƙi guda: ruwa na bushewa da wuri, kuma idan yana bushewa yana tafiya da zafi. Abin da ke sanyaya ruwan randa ke nan. Da wannan ne marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami kyautar Rolex a 2000. Fanka mai tankin ruwa ita ma haka take aiki, wutarta kuma ba ta kai kusa da ta esi ba. Tana buƙatar taga a buɗe. Da zarar iskar damina ta fara kaɗawa, laima ta cika gari, amfaninta ya ragu, sai dai ta ƙara gumi.

Zaman ciniki

Mai saye ya je duba gida da la'asar sakaliya a bazara, in da hali ya koma bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Ya shiga kowane ɗaki, ya ɗaga kai, ya taɓa bango, ya tambayi rukunin wutar unguwar, ya kuma karɓi lambar mita ya bincika ko akwai bashi a kanta, domin bashin wuta yakan bi gida. Sannan ya kira kafinta ya yi masa lissafin gyara a rubuce. Ga yadda irin wannan zama yakan kasance:

"Alhaji, gida ya yi, unguwa ma ta yi. Na taya miliyan 17."

"Albarka, Malam. Ai ko filin kaɗai ya kusa haka."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Sai dai ɗakuna biyu babu silin, falon kuma da la'asar ba ya zaunuwa. Ga takardar kafinta, ka duba da kanka. In ka bar mini a 18 da rabi, gyaran na wuyana."

"To, bari mu yi haka. Ka ba da 19, famfon rijiya da tankin sama na bar maka su, kuma in ba ka mabuɗi ƙarshen wata maimakon wata biyu da na ce."

Lura da abu biyu. Mai saye bai kushe gidan ba. Wanda ya fara da cewa gidan banza ne ya taɓa mutuncin mai shi, kuma mutum yakan ƙi sallamawa don haushi ko da kuɗin ya yi masa. Takarda ya kawo, lamba ce ke magana. Mai gida kuma bai tsaya ja-in-ja a kan kuɗi kaɗai ba, ya jefo abubuwan da ba su da tsada a wurinsa amma suna da daraja ga ɗayan. Ranar tashi, tanki, fankoki, batir da farantan sola, biya kashi biyu, duka kayan ciniki ne.

Mai sayarwa shi ma yana iya juya maganar zafi ta zama tasa. Idan gidansa mai sanyi ne, ya sa a kawo masu saye da rana tsaka, ya nuna musu rasiɗan katin mita na Maris zuwa Mayu. Idan mai zafi ne, ya auna: silin da farin fenti da rumfa ba su kai abin da mai saye zai nemi a rage masa ba, don mai saye kullum yakan kai lissafin gyara sama. Amma kada ya shiga babban gyara kamar sauya rufi gaba ɗaya, da wuya ya mayar da kuɗinsa.

Idan mai gida ya ce ya sallama, aka yi addu'a, saura rubutu. Kafin alƙalami a rubuta shi: nawa ne, yaushe za a cika sauran, me zai faru da shi idan ɗaya ya fasa. Takardar ciniki ta ƙunshi iyakokin gida ta fuska huɗu, kayan da aka bari a ciki, ranar miƙa mabuɗi, matsayin 'yan haya in akwai, da wanda zai biya kuɗin neman amincewar gwamna da hatimi da rajista. Gidan da ke da C of O yana buƙatar lauya ya rubuta takardar miƙa haƙƙi. Biya kuwa ta banki za a yi: dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Mai sayarwa kada ya saki asalin takardunsa don ganin saƙon waya, sai bankinsa ya tabbatar masa kuɗi sun zauna.

Aiki

1. Duba jikin fanka, firiji ko wata na'ura a gidanku, ka rubuta ƙarfinta. Lissafa abin da take ci a wata, da kuɗin yunit na unguwarku.

2. An sa wa gida naira miliyan 12, la'ada kashi 5 cikin 100 a kan mai sayarwa. Idan aka sayar a miliyan 11, nawa dillali ya rasa, nawa mai gida ya rasa?

3. Magada biyar suna da gida, babbansu ya zo shi kaɗai yana neman sayar maka. Waɗanne takardu za ka nema kafin ka taya?

4. Ku kasu biyu-biyu, ɗaya mai gida, ɗaya mai saye. Gidan ba shi da silin, akwai kuma bashin wuta a kan mitarsa. Ku yi ciniki har ya faɗa, sannan ku rubuta takardarsa ku karanta wa aji.